Maijegon Da Ta Rasa Goyo, Ita Ma Maijego Ce

A ƙauye, idan mace ta sauka lafiya ba a buƙatar shela. Guɗa ce take sanar da maƙwabta. Nan da nan a hura wuta, a ɗora ruwan wanka, a dama kunu. Mata su yi ta shigowa barka. Maigida kuwa ya shiga neman rago da goro.

Amma akwai haihuwar da ba a yi mata guɗa. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta sha wuyar naƙuda, sai ɗan ya zo babu rai. Wani kuma ya zo da ransa, ya yi kwana biyu ko wata biyu, sa'an nan ya koma. Maza biyu ko uku su naɗe shi a ƙyalle, su kai shi makwancinsa. Wani lokaci kafin uwar ta dawo hayyacinta an gama komai. Masu shigowa su ce, "Sai haƙuri." Bayan kwana uku gida ya koma kamar ba a yi komai ba.

To, ga uwar fa abin bai wuce ba. Jikinta jikin maijego ne. Nono zai kawo ruwa. Jini zai ci gaba da zuba. Zuciyarta kuma tana neman ɗan da hannunta bai riƙe ba. Saboda haka wadda ta rasa goyo ita ma maijego ce. Tana buƙatar kulawa iri biyu: ta jiki da ta zuciya.

Abin Ya Fi Yawa Yadda Ake Zato

Idan ciki ya zube tun yana ƙarami, ana cewa an yi ɓari. Idan kuwa ya kai mako 28, wato wajen wata bakwai, aka haifi ɗan babu numfashi babu motsi, shi ne ake cewa bai zo da rai ba. Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi wajen ƙidaya.

A shekarar 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan wannan matsala. Rahoton ya nuna cewa a shekarar 2019 jarirai kusan miliyan 2 ne aka haifa babu rai a duniya. Wato ɗaya a cikin kowace daƙiƙa 16. Fiye da 40 cikin 100 sun rasu ne ana tsakiyar naƙuda. Nijeriya tana cikin ƙasashe shida da suka ɗauki kusan rabin wannan adadi.

Ke nan matar da wannan abu ya faɗa wa ba ita kaɗai ba ce. Da wuya a sami unguwar da babu irinta. Sau da yawa kakarta, ko gwaggonta, ko maƙwabciyarta ta taɓa ɗanɗana irin wannan rashi. Shiru ne kawai ya rufe labarin.

Me Ke Kawo Shi?

Rai da ajali a hannun Allah suke. Amma Allah Ya sanya wa abubuwa sanadi, kuma Ya hore wa mutane sanin wasu daga ciki. Ga waɗanda ma'aikatan lafiya suka fi gani:

1. Zazzaɓin cizon sauro. Yana ƙona jinin mai ciki, yana kuma taɓa mabiyiya, wadda ta nan ne ɗa yake samun abinci da iska.

2. Hawan jini. Alamominsa su ne ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. Idan ya yi tsanani yakan kawo jijjiga.

3. Doguwar naƙuda. Idan ɗa ya zo a gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, sai ya galabaita a hanya. Wannan ne kuma yake jawo wa uwa yoyon fitsari.

4. Zubar jini kafin haihuwa, idan mabiyiya ta rabu da mahaifa tun ɗa bai fito ba.

5. Tunjere. Cuta ce da ake ɗauka ta wajen saduwa. Mace ko namiji suna iya ɗauke da ita ba su sani ba. Gwajin jini yana nuna ta, allura kuma tana warkar da ita.

6. Ciwon sukari, da ƙarancin jini, da cikin da ya wuce watanninsa da yawa.

Jaririn da ya zo da rai kuwa, abubuwan da suka fi ɗauke shi a watan farko su ne zuwa bakwaini, da rashin yin numfashi da wuri, da ƙwayoyin cuta da suke shiga ta cibiya. Idan ya ɗan tasa, sai zazzaɓi, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, da tamowa.

Akwai kuma lokacin da likita zai duba iyakar dubawa, bai gano dalili ba. Wannan ma yana faruwa, har a manyan asibitocin duniya.

Ba Laifin Uwa Ba Ne

Abu na farko da yake cin zuciyar uwa shi ne zargin kai. Takan ce, "Ko dakan da na yi ne? Ko ruwan da na ɗauko ne? Ko fitar da na yi da almuru ce?" Takan kwana tana wannan lissafi. Ya kamata wani ya gaya mata a fili cewa ba ita ta kashe ɗanta ba.

Abu na biyu shi ne zargin mutane. Wasu su ce mayya ce ta kama shi. Wasu su ce iskoki ne. Wasu su ce kishiya ce ta yi sammu. Wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Irin wannan magana ta raba zumunci da yawa, ta kashe aure da yawa, ba ta kuma taɓa dawo da ɗa ko ɗaya ba.

Idan mace ta yi rashi sau biyu ko uku a jere, sai a ce tana wabi. Har akan sa wa ɗan da ya biyo baya suna irin su Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, wai don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Amma yawancin abin da ake kira wabi yana da dalilin da asibiti yake iya ganowa. Ga misali biyu.

Na farko shi ne amosanin jini, wato sikila. Idan uwa da uba duka suna da rukunin jini AS, to kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Yaro mai SS idan bai sami kulawa ba yakan rasu yana ƙarami. Idan ya sami kulawa yana iya girma har ya yi iyali. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu wannan ciwo.

Na biyu shi ne saɓanin jini tsakanin uwa da ɗan cikinta. Akwai matan da jininsu yake cikin rukunin da ake kira negetif. Idan ɗan ya gaji fozitif daga ubansa, jikin uwar yana iya yaƙar 'ya'yan da za su biyo baya. Akwai allurar da ake yi wa irin wannan mace cikin kwana 3 bayan haihuwa ko ɓari, domin kare ciki na gaba.

Ashe ke nan gwajin jini ya fi neman wanda za a ɗora wa laifi.

Kula Da Jikin Maijego

A wasu gidaje, da zarar ɗa ya koma sai a janye duk gatan jego. Ba a yanka mata komai, ba mai zuwa taya ta aiki. Kwana kaɗan sai a gan ta a bakin turmi ko a rijiya. Wannan kuskure ne. Jinin da ta zubar da wuyar da ta sha daidai suke da na wadda take goyo, wani lokaci ma sun fi.

Abinci da hutu. A ba ta abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, nama, hanta, kifi, nono, gyaɗa, zogale, alayyafo. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ta a asibiti. Ta huta daga daka, da surfe, da ɗaukar kaya mai nauyi har ta yi arba'in. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Wadda ta yi hawan jini ko kumburi ta rage kanwa da gishiri, domin suna tara ruwa a jiki.

Nono. Bayan kwana biyu zuwa huɗu nono yakan cika, ya yi tauri, ya yi zafi. Wannan yana daga cikin abin da ya fi tayar wa uwa da hankali, domin ga abinci babu mai sha. Ta sa rigar nono mai kama jiki, ko ta ɗaura zane a ƙirji ba tare da ta matse da yawa ba. Ta riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Idan ya cika ƙwarai ta tatse kaɗan, iyakar yadda za ta ji sauƙi. Kada ta tatse duka, domin yawan tatsa yana ƙara kawo ruwa. Farasitamol yana rage zafin. A asibiti kuma akwai ƙwayar da take tsayar da ruwan nono. A hankali zai ƙafe cikin 'yan makonni.

Komawa asibiti. Ko a gida ta haihu, a kai ta a duba ta tun a ranar farko. Sa'an nan ta koma a kwana na uku, da tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, da kuma bayan mako shida. Wasu mata suna ƙin komawa don kada su ga masu goyo. Sai a sami wata ta raka ta.

A garzaya da ita asibiti, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini yana zuba da yawa, ko yana fita guda-guda;
- zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari yana fita;
- ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga;
- numfashi yana yi mata wuya, ko ƙafafu sun kumbura;
- nono ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi;
- fitsari ko bayan gida yana zuba ba ta iya riƙewa.

Na ƙarshen nan, wato yoyon fitsari, ana yin aikinsa a warke. Akwai asibitocin da aka keɓe dominsa, kamar na Babbar Ruga a Katsina. Kada a ɓoye mace a ɗaki saboda shi.

Raɗaɗin Rashi

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma mata da yawa sun iya ɓoye fuskar ma. Mace za ta yi dariya da rana, ta kwana tana kuka.

Baƙin cikin rashi yana zuwa ta hanyoyi da yawa. Wata ta kasa barci. Wata ta kasa cin abinci. Wata ta riƙa jin kamar kukan jariri a kunnenta. Wata ta farka da dare tana laluben shimfiɗa. Wata ta ji hannuwanta sun yi mata nauyi. Wata ta yi ta fushi ba dalili. Wata ta ji ƙyashi idan ta ga mai goyo, sa'an nan ta ji kunyar kanta. Wata kuma ba ta jin komai, kamar an daskarar da ita. Duk waɗannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Haka zuciyar ɗan Adam take idan ta yi rashi.

Ba shi da ranar ƙarewa. Ba ya bin kwana uku, ko bakwai, ko arba'in. Yakan yi sauƙi, ya dawo. Ranar sunan maƙwabta tana iya tayar da shi. Haka ranar salla, ko zagayowar watan da abin ya faru. A hankali nauyin yana raguwa, amma uwa ba ta mantawa. Akwai tsofaffi masu jikoki da har yanzu suna lissafa shekarun ɗan da ya koma.

Wadda ta fi shiga wuya ita ce yarinya mai haihuwar fari. A al'ada ana jin kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa a gaban mutane. To, idan ya rasu sai kunyar ta hana ta kuka. Mutane su ce ai yarinya ce, ba ta san zafinsa ba. Alhali ta sani sarai. Irin wannan tana buƙatar wata babba, kamar yayarta ko gwaggonta, ta ja ta ɗaki su biyu, ta ce mata, "Yi kukanki, babu mai ganin ki."

Kuka Bai Saɓa Wa Haƙuri Ba

Wasu suna tsawata wa uwa idan ta yi hawaye. Sukan ce tana jayayya da ƙaddara. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ba haka abin yake ba.

Shi kansa ya ɗanɗana rashin 'ya'ya. Alƙasim da Abdullahi sun rasu suna ƙanana a Makka. Ibrahim, ɗan Mariya, ya rasu a Madina a shekara ta 10 bayan Hijira, bai cika shekara biyu ba. Manzon Allah ya rungume shi, idanunsa suka zubar da hawaye a gaban sahabbai. Da aka yi mamaki, sai ya bayyana cewa wannan tausayi ne. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da faɗin maganar da ba ta dace ba.

A ranar da Ibrahim ya rasu an yi husufin rana. Mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Manzon Allah, duk da baƙin cikin da yake ciki, ya gyara musu, ya nuna cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. Wannan darasi ne ga masu danganta mutuwar jariri da camfi.

Malamai kuma suna karantar da cewa akwai lada babba ga iyayen da suka yi haƙuri a kan rashin ƙaramin ɗa, har da albishir na gida a Aljanna. Wannan yana sanyaya zuciya. Amma a faɗe shi da taushi, don lallashi, ba don a rufe wa uwa baki ba. Iyalan Kirista su ma su nemi fasto da matan zumunta su zo su yi addu'a tare da maijego.

Ganin Jariri Da Binne Shi

An saba ɓoye wa uwa gawar ɗanta, wai don kada abin ya tsaya mata a rai. Niyyar mai kyau ce. Amma mata da yawa sun fi shan wuya saboda ba su gani ba. Sukan shekara suna tambayar kansu: namiji ne ko mace? Da wa ya yi kama? Ina aka sa shi?

Abin da ya fi shi ne a tambaye ta. Idan tana so, a goge shi, a naɗe shi a zane mai tsabta, a ba ta ta gani, ta riƙe, ta yi masa addu'a. Idan ba ta so, kada a tilasta mata. Kada kuma a yi mata ƙarya cewa yana wani ɗaki ana duba shi. Gaskiya cikin lallashi ta fi. Mijinta ya gaya mata inda aka binne shi.

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar Hausa suke bi, jaririn da ya faɗo ya yi kuka sa'an nan ya rasu, ana yi masa wanka da likkafani da salla. Wanda bai yi kuka ba, ba a yi masa salla. Ana naɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne shi cikin mutunci. Rashin sallar ba wulaƙanci ba ne, kuma jariri ba shi da zunubi. Uwar kuwa tana cikin jinin biƙi kamar kowace maijego. Idan ya ɗauke ta yi wanka ta ci gaba da salla. Iyakarsa a wannan mazhaba kwana 60 ne. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi limamin garinsu.

Kayan jariri da aka tanada, kada a kwashe su a ɓoye ba da saninta ba. Wata tana so ta adana, wata tana so ta yi sadaka da su. A bar ta ta zaɓa.

Aikin Maigida

Uba shi ma ya yi rashi. Shi ya ɗauki gawar, shi ya sa ta a rami. Wataƙila ya sayar da hatsi ko akuya don kuɗin mota da na asibiti. Amma ba mai tambayar sa yadda yake ji, domin an ce namiji ba ya kuka. Wani sai ya daina zama a gida. Wani ya riƙa faɗa. Matar kuma ta ɗauka bai damu ba, ko yana jin haushin ta.

Maigida nagari zai shiga ɗakin matarsa ya zauna. Ko bai iya magana mai tsawo ba, ya ce mata, "Sannu. Ni ma abin yana damu na. Ba laifinki ba ne." Wannan ya fi mata zane goma. Ya tsare ta daga masu gori, ko da danginsa ne. Ya yi mata cefanen jego. Ya ba da izini da kuɗin zuwa asibiti. Kada ya matsa mata da neman kwanciya sai jini ya ɗauke, jikinta ya warke, ita ma ta yarda. Kada ya ɗauko zancen saki ko ƙarin aure a irin wannan lokaci. Shi ma ya nemi amini ko malami ya faɗa masa abin da ke ransa.

Maƙwabta Da Dangi

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Uwar miji, da abokiyar zama, da ungozoma, da matan ajin yaƙi da jahilci, kowace tana da abin da za ta iya yi. Wata ta karɓi girki. Wata ta ɗebo ruwa. Wata ta yi wa yara wanka. Wata ta zo ta zauna kawai, ta saurara. Idan maijego tana son ta ba da labarin naƙudarta sau goma, a bar ta ta faɗa. Kada zuwa ya tsaya a kwana uku. Bayan wata ɗaya ne, lokacin da ƙafa ta ɗauke, kaɗaici ya fi tsanani.

Akwai maganganun da suke fama ciwo, ko da mai faɗa bai yi nufin sharri ba:

- "Ai ba mutum ba ne tukuna."
- "Ke yarinya ce, za ki sake wani."
- "Ki gode Allah kina da wasu."
- "Da kin ji magana da haka ba ta faru ba."
- "Har yanzu ba ki manta ba?"

Ga kuma waɗanda suke sanyaya rai:

- "Sannu, kin sha wuya."
- "Allah Ya sa mai ceto ne."
- "Yaya jikin? Kin sami barci?"
- "Me zan kama miki yau?"

Idan ana suna a maƙwabta, a gayyace ta, amma kada a yi fushi idan ba ta zo ba.

Yaran gida su ma sun sa rai da ƙane. A gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: jaririn ya rasu, Allah Ya karɓi abinsa, ba laifin kowa ba ne. Kada a ce ya yi barci ko ya yi tafiya. Yaro yana iya jin tsoron barci, ko ya yi ta jiran dawowarsa.

Idan Damuwa Ta Zama Ciwo

Baƙin ciki na yau da kullum yana sassautawa a hankali. Amma wani lokaci yana rikiɗa ya zama ciwon damuwa. A lura idan mace ta wuce mako biyu kullum tana cikin ƙunci, babu sauƙi ko na sa'a ɗaya. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta wanka, ba ta kula da sauran yara. Tana cewa ba ta da amfani. To, a kai ta asibiti. Ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma yana da magani.

Idan kuwa ta ce gara ta mutu, ko ta bi ɗanta, ko ta fara sambatu, tana ganin abin da ba kowa yake gani ba, wannan na gaggawa ne. Kada a bar ta ita kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, da maganin ɓera, da wuƙa, da igiya daga kusa da ita. A kai ta babban asibiti a ranar. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta da sunan fitar da iskoki. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Ciki Na Gaba

Mace da ba ta shayarwa tana iya ɗaukar ciki da wuri, tun kafin ta ga al'ada, wani lokaci tun kafin ta yi arba'in. Dangi sukan matsa a yi maza a mayar da gurbi. Amma gona ma ana barin ta ta huta. Miji da mata su je wurin ma'aikaciyar lafiya su yi shawara a kan tazarar da ta dace da su. Wadda jininta ya yi ƙasa ta bari ya dawo. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa tana buƙatar hutu mai tsawo, wajen shekara biyu, kuma haihuwarta ta gaba lalle a asibiti.

Yawancin matan da suka yi irin wannan rashi suna haihuwa lafiya daga baya. Idan ciki ya samu, a kiyaye waɗannan:

1. A fara awo tun cikin wata uku na farko. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8.

2. A gaya wa malamar asibiti abin da ya faru a baya, kada a ɓoye. A nan karatu yake da rana. Mai iya rubutu ta rubuta ranar da abin ya faru, da watannin cikin, da tsawon naƙudar. A adana katin asibiti.

3. A nemi gwajin hawan jini, da fitsari, da rukunin jini, da tunjere. Idan an sami tunjere, miji ma ya karɓi magani.

4. A kwana cikin gidan sauro mai magani. A sha Fansidar da ake bayarwa a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata ɗaya tsakani. A karɓi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

5. A watanni uku na ƙarshe, mai ciki ta riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba.

6. Ta lura da motsin ɗa. Idan ya ragu ko ya tsaya, ta je asibiti a ranar, kada ta jira gobe.

7. A tanadi kuɗin mota da mai ba da jini tun da wuri. Maigida ya bar izini ko ba ya gari. Mace ta faɗa da zarar naƙuda ta fara, kada kunya ta hana ta. A guji yankan gishiri da jiƙe-jiƙen saurin naƙuda.

Tsoro zai zo a ciki na gaba, wannan ba makawa. Ta faɗi tsoronta ga malamar awo da mijinta. Ɗan da zai zo kuma mutum ne dabam, ba wancan ne ya dawo ba. A sa masa suna mai kyau, a nuna masa so.

A Taƙaice

Wadda ta rasa goyo maijego ce, a yi mata gatan jego. Ba laifinta ba ne, a daina zargi. Hawaye ba rashin haƙuri ba ne. A tambaye ta abin da take so, a gaya mata gaskiya. A san alamomin haɗari na jiki da na zuciya. A nemi dalili a asibiti, domin rigakafi ya fi magani.

Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure, ko a aji, ko a tsakar gida. Wataƙila a cikin masu sauraro akwai wadda ta daɗe tana jiran a ce mata sannu.

Allah Ya ba iyayen da suka yi rashi haƙuri da lada, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya zuriya. Amin.